Ganyen Kofi a Hular Don Arcesio

A gidan su Zuluaga kowa ya san Efraín ba ya ba da haƙuri. Mahaifiyarsa kan ce yana ɗan shekara shida ya fasa mata tukunyar fure, ya kuma tsaya yana yi mata bayani cewa tukunyar ce aka ajiye inda bai kamata ba. Abokansa na Medellín sun ce kai gare shi, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka ci abincinka ka dawo. Matarsa kuwa dariya kawai take yi.

Yayarsa Nubia ta fi kowa saninsa, domin tare suke aiki. Su biyu suka haɗa wata manhajar waya don manoman kofi. Shi yake rubuta ta, ita take yawo da ita garuruwa. Farashin kofi da labarin ruwan sama kyauta ne a ciki. Abu ɗaya ake biya: ka ɗauki hoton ganye, manhaja ta gaya maka abin da ke damunsa. Kafin mutum ya biya kuma, ana ba shi gwajin kwana bakwai.

Manoma ɗari uku suka danna gwajin a garin Jardín. Ko mutum ɗaya bai saya ba.

"Rowa ce kawai," in ji Efraín.

"Ba rowa ba ce," in ji Nubia. "Ka daina ƙirga musu kwanaki, ka ƙirga hotuna. Na faɗa maka ya fi sau goma."

"Yaya, duk duniya kwana bakwai ake bayarwa. Je ki duba."

"Duk duniyar a kan dutse take noma?"

Ya mayar da abin sauraronsa kunne.

Ran Alhamis Doña Ofelia, shugabar ƙungiyar manoman Jardín, ta bugo waya. Ta ce ta gaji da ƙorafi, ran Lahadi za ta gaya wa mutanenta kowa ya goge manhajar. Nubia ta ajiye waya, ta daɗe tana kallon ƙeyar ƙanenta. Aikin shekara biyu ke nan zai tafi. Ba ta sake yi masa gardama ba. Ta fita ta sayo tikitin mota biyu zuwa Jardín.

Lahadi da hantsi suna zaune a dandalin gari, a teburin mai kofi, da arepa, wainar masara, mai zafi a gabansu. Motocin jif suna ta saukowa daga tsaunuka, mutane maƙil har saman rufi, da buhuna da ayaba da kaji. Kowa ya sauka sai ya kakkaɓe rigarsa ya wuce coci.

"Me muke jira?" in ji Efraín.

"Ci arepa ɗinka."

Da aka tashi daga coci, Doña Ofelia ta iso da wani dattijo mai farin gashin baki, riƙe da hularsa a hannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Don Arcesio, ga mai wayon nan," in ji ta.

Dattijon ya dubi Efraín daga sama har ƙasa. "Kai ne? Na zata za ka fi haka tsayi. Zauna, ɗana, ai a zaune kake ma. Lahadin da ta wuce, bayan coci, a teburin can, na danna gwajinka. Na hau jif na koma gona. A gonata sabis ɗin waya ba ya zuwa, ko surukata ba ta zuwa, sai in an yanka alade. Na tsinko ganyen da ke damuna, na kawo su gari yau. Na shiga coci, na fito, na buɗe waya. Karanta."

Efraín ya karɓa ya karanta a hankali. Gwajinka ya ƙare minti goma sha biyu da suka wuce.

"Da ka buɗe kafin ka shiga coci…" ya fara.

"Kafin coci?" Doña Ofelia ta riƙe ƙugu. "Ya bar Ubangiji yana jira saboda kai?"

Mutanen teburin kusa suka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga wayarsa ya ce shi minti ashirin ne ya makara. Wata mata ta ce nata ya ƙare tana tsakiyar gaisawa da fada, limamin cocin. Kafin a jima an kewaye su, kowa da waya a hannu ɗaya, ganye a ɗayan.

Nubia tana kallon kunnuwan ƙanenta suna yin ja, kamar yadda suke yi tun yana yaro. Ya dubi wayoyin, ya dubi tsaunukan, ya ture faranti ya buɗe kwamfutarsa. Bai kai rabin awa ba ya ɗago.

"Babu sauran kwanaki," ya ce. "Hoto goma kyauta ga kowa, ko shekara zai yi kafin ya gama su. Waɗanda nasu ya ƙare ma na buɗe musu."

Don Arcesio ya juye hularsa a kan tebur, ganyaye suka zubo, ya ɗauki ganyen farko hoto. Tsatsar ganye ce, in ji manhaja, ga abin da za a fesa. Na biyu ba cuta ba ce, taki yake so. Ya lalubo na uku daga ƙasan hular yana ɓoye murmushi. Wayar ta ɗan yi shiru, sannan ta rubuta: wannan ba ganyen kofi ba ne.

"Na gwaba ne!" Dattijon ya buga tebur. "Ta kama ni! Ofelia, ta kama ni!"

Dandalin ya kaure da ihu. Wani ya nemi ya ɗauki sanƙon maƙwabcinsa hoto a ga ko taki yake so. Mai kofi ya ƙaro kofuna ba wanda ya tambaye shi. Doña Ofelia ta share hawayen dariya, ta ce batun gogewa an bar shi.

"Amma fa kai ne da wayo, ɗana," in ji Don Arcesio. "Hoto goma. Wa ya koya maka?"

Nubia ta sunkuya tana juya cokali a kofinta. Ta san abin da zai ce, cewa dama ya daɗe yana tunanin haka. Sai ta ji kujera ta motsa. Efraín ya miƙe tsaye a gaban kowa, yana murza gefen rigarsa.

"Ba ni ba ne. Yayata ce, wata shida tana faɗa mini ina toshe kunne." Ya juyo ya dube ta. "Yaya Nubia, ke ce da gaskiya. Na yi kuskure. Ki yi haƙuri."