Da Sauƙi

"Baba, ɗauke hannunka daga ƙirjin nan in gwada ka," na ce, ina durƙushe gaban kujerarsa da na'urar awon jini.

"Kun ga Malama Gaggawa ko? Ko atishawa mutum ya yi, sai ta kira masa motar asibiti."

'Ya'yansa suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, leɓensa ya yi fari fat.

Baba Tela maƙwabcinmu ne, ƙofarsa na kallon tamu a hawa na uku. Duk hutun ƙarshen shekara yakan tara 'ya'ya da jikoki, a tura keken ɗinki lungu, a jera abinci, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai kafin a sa hannu. Ni kuwa tun da na shiga makarantar jinya nake fama da mutanen benen nan. Na manna lambobin gaggawa a bakin matakala, wani ya lafta tallar maganin basir a kai. Na ce a kwashe tarkacen da suka cushe hanya, aka ce Allah zai kiyaye. Sai ka ce Allah ne ya jibge tsohuwar katifar a wurin.

Abin da na'urar ta nuna ba na wasa ba ne.

"Asibiti. Yanzu."

"Bari a ƙarasa godiya, 'yar nan. Saura ni."

Babban ɗansa ya leƙa ta taga ya ce motocin baƙi sun tare tasa, bai san masu su ba. Na danna lambar, na cusa wa Inna, matarsa, wayar a hannu.

"Ki ce ciwon ƙirji ne, ki faɗa musu lambar gida."

Na ruga ɗakina neman asfirin. Da na dawo ta ce, "Sun ce suna zuwa."

Muka jira. Abinci ya huce. Baba ya tauna ƙwayar yana yamutsa fuska, ya ce shi godiyarsa ta bana ita ce Allah ya haɗa shi da maƙwabciya mai bakin tsiya, wadda ko mutuwa ta zo sai ta nemi takardarta. Aka sake dariya, amma wannan karon ba ta yi nisa ba.

Da rabin awa ta wuce na kira da kaina.

"Kuna cikin layin jira," in ji matar da ta ɗauka. "Yau hutu ne, motoci kaɗan ne a bakin aiki. Ai wadda ta kira ta ce da sauƙi."

Ban ajiye wayar ba kansa ya langaɓe. Na kwantar da shi a ƙasa, na yi ta danna ƙirjinsa ina ƙirgawa da ƙarfi, har muryata ta dishe. Masu motar suka zo, gadonsu ya maƙale a kwanar matakala, sai da aka janye katifa da kekuna biyu. Bai kai asibiti ba.

Kwana uku ina tafasa. Na shirya maganar da zan yi tsaf: muna kashe junanmu da kunya, muna kiranta tawakkali. Da masu ta'aziyya suka ragu da la'asar, na shiga gidansu. Inna na zaune a kan darduma. Ban buɗe baki ba ta riga ni.

"Mai amsa wayar tambayata ta yi yaya jikinsa. Yana zaune yana kallon bakina. Shekara arba'in da ɗaya, ko ranar da aka yi masa aiki ban taɓa cewa ya tsananta a gabansa ba. Da wane bakin zan fara?"

Na tsaya a tsakar ɗaki. Ta dubi hannuwana.

"Sannu, 'yata. Kin sha wuya ranar nan. Ina gajiya?"

Kafaɗuna har yanzu ciwo suke, ko buta da ƙyar nake ɗagawa.

"Ba gajiya, Inna," na ji bakina ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta matsa kaɗan ta yi mini wuri a gefen dardumar. Na zauna. Rana ta sauka daga kan bango zuwa ƙafafunmu, babu wadda ta janye nata.