Gadar Cikin Gem

Tun da ɓarin jikin Yaya ya shanye, Auta bai ga ya nuna sha'awar komai ba. Da can mai gyaran wutar lantarki ne, mutumin da ke hawa tsani da waya a kafaɗa yana zolayar na ƙasa. Yanzu yini yake a kujerar falo, hannun dama a kan cinya, magana tana fita da ƙyar. Likitar da ke gasa masa hannu ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu da shi, amma kada a bari ransa ya ɓaci, don jininsa bai gama sauka ba.

Shi ya sa da Auta ya ga tallar wani sabon gem, wato wasan bidiyo, a waya, ya ji kamar don su aka yi shi. Irin na da ne sak, in ji tallar: ɗan mayaƙi mai kai kamar akwati, takobi, dodanni, matsafa. Irinsa suka taso suna bugawa a bayan shagon babansu, Yaya riƙe da hannun gem, Auta a gefe yana karanta masa abin da mutanen cikin gem ke faɗa. Ran nan da ya taso daga shagon buga takardun da yake aiki, ya kwaso na'urar gem ɗinsa da hannayenta biyu ya nufi gidan.

Matar Yaya ta tsaya a kansa yana haɗa wayoyi a bayan talabijin.

"Auta, ka tabbata wannan abin ba zai tayar masa da hankali ba?"

"Haba Anti, wasan yara ne fa. Da shi muka girma."

"Na ji. Amma in na ga idonsa ya yi ja, zare wayar zan yi, kowa ya yi haƙuri."

Kiɗan farko na tashi Yaya ya gyara zama. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

"Shi ne," ya ce.

Auta ya ɗora masa hannun gem a cinya, ya jera masa yatsun dama a kan maɓallai.

Ba a jima ba murnar ta fara tsiyayewa. A gem ɗinsu na da, kowane gida da abin da aka ɓoye a ciki, kowane tsoho da labarinsa. A nan Yaya ya kai mayaƙin ƙofar gida, ashe zanen ƙofa ne kawai a jikin bango. Ya daki tulu da takobi, tulun ko gezau. Ya yi wa wata tsohuwa magana, Auta ya karanta: "Ka yi hattara da daji." Ya yi wa maƙeri magana: "Ka yi hattara da daji." Har yarinyar da ke bakin rijiya abin da ta faɗa ke nan. Da suka shiga dajin kuwa, jemage ɗaya ne ake ta sake wa launi, yanzu ja, an jima kore.

Yaya ya juyo ya dube shi.

"Gaba zai yi daɗi," Auta ya ce. Shi kansa bai sani ba, don bai gwada ba kafin ya kawo. Ya so su fara ganinsa tare.

A ƙarshen dajin akwai gadar katako da ke rushewa a bayan mayaƙin. Sai an riƙe maɓallin gudu da hagu, ana tsalle da babban yatsan dama cikin sauri. Yatsan Yaya ya makara, mayaƙin ya faɗa rami. Maimakon a dawo da shi bakin gada, sai aka mayar da shi can cikin gari, gaban tsohuwar nan. Dole ya sake ratsa dajin gaba ɗaya.

Ya ratsa, ya faɗi. Ya sake ratsawa, ya sake faɗuwa. Gumi ya feso masa a goshi. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Yaya, mu huta mana."

"A'a."

Anti ta fito ƙofar kicin da ludayi a hannu, idonta yana kan soket. Auta ya san in ta zare wayar yanzu, Yaya zai kwana da cewa wasan yara ya gagare shi.

Hannun gem na biyu yana gefen Auta, ƙarƙashin matashin kujera. Ya zura hannunsa a hankali ya kunna shi. Da mayaƙin ya sake isa gadar, Auta ya riƙa danna tsallen daga ƙarƙashin matashin. Katako na farko ya wuce, na biyu ya wuce.

"Yauwa Yaya! Ka gani ko? Ci gaba!"

Yaya ya bar hagu a kan gudu, ya zare hannun daman a hankali ya ɗaga shi sama. Mayaƙin ya yi tsalle. Ya sake yin wani. Sai a lokacin Auta ya lura, ya saki maɓallin, mayaƙin ya faɗa rami.

Yaya ya dubi matashin, ya dubi ƙaninsa. Leɓensa ya daɗe yana rawa kafin kalmomin su fito.

"Har kai?"

"Yaya, ni dai gani na yi..."

"Ita ta... ɓalle min riga. Kai ka... yi min tsalle." Ya ja numfashi. "Tafi."

Auta ya tashi zai cire wayoyin.

"Bar shi," in ji Yaya.

Anti ta rako shi har bakin ƙofa. Ya zaci faɗa za ta yi masa, sai ta miƙa masa hannun gem na biyun kawai ta ce, "Tafi da wannan. Kada ka kira shi tukuna."

Kwanakin da suka biyo baya Auta bai ji daɗin aiki ba. Wayarsa na yin ƙara gabansa ya faɗi, yana tsoron a ce jinin ya hau an wuce asibiti. In ya tambayi Anti, sai ta ce yana nan a kan abin, ta dai yanka masa lokaci, kuma tana gwada jinin kafin da bayan.

Wata rana yana tsakiyar yanka takardu ta kira.

"Yayanka ya ce ka zo ka kwashe kayanka."

"Lafiya dai, Anti?"

"Lafiya lau. Ya haye."

Ya tarar da Yaya a kujerarsa, talabijin a kunne. Mayaƙin yana tsaye a ɗaya gefen gadar, gabansa baƙin fili, da rubutu a tsakiya. Yaya ya nuna allon da haɓa.

"Karanta."

Auta ya karanta. Masu gem ɗin suna godiya, suna cewa nan suka tsaya, sauran labarin ba su gama haɗawa ba.

Yaya ya ja tsaki mai tsawo.

"'Yan banza," ya ce. "Kwashe."

Auta ya durƙusa yana naɗe wayoyi, bai yarda ya ɗago ba. Da ya zo fita, Yaya ya ce wa matarsa ta zuba masa abinci, kada ya tafi haka.