Rumfar Shago Huɗu

Da yayana zai rasu, ya bar shaguna uku amana a hannuna da hannun amininsa Mai Kemis, ya ce kuɗin haya na karatun 'ya'yansa biyu ne, Babba da Auta. Ni tela ce, ban iya ɗinka wa mutum kaya in ɓoye ƙyallen da ya rage ba. Saboda haka duk shekara nake tara su a ɗakin ɗinkina, in ture keken ɗinki gefe, mu faɗa musu abin da ya shigo da inda ya tafi.

Mai Kemis bai taɓa son wannan zama ba.

"Hajiya, amana aka ba mu, ba kotu aka kai mu ba," haka yake cewa kullum. Yakan zo dai, ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki yana kallon agogo.

Bana kuɗin makarantar Auta bai cika ba, ga shi shekararta ta ƙarshe a koyon aikin jinya. An ce in ba ta cika kafin jarrabawa ba, sai baɗi. Abin da ya cinye kuɗin kuwa sabuwar rumfar ƙarfe ce da Mai Kemis ya sa aka yi a gaban shagunan, don 'yan haya sun dame shi da kukan rana.

A zaman bana, da Mai Kemis ya gama bayaninsa, Babba ya yi wuf ya ce, "Allah ya saka, Baba, mun gamsu." Shi Babba ko me aka ce masa gamsuwa yake yi, in dai mai furfura ne ya faɗa.

Auta tana ta murɗa bakin gyalenta. Na san yarinyar nan, akwai magana a bakinta.

"Faɗi," na ce.

"Baba, ka yi haƙuri. Shagunanmu uku ne, amma rumfar ta rufe huɗu."

Na huɗun kemis ɗinsa ne, yana manne da namu. Ni kaina na ga rumfar, na ɗauka ya biya nasa.

Babba ya daka mata tsawa. "Ke! Kin san da wa kike magana?"

"Ta sani sarai," na ce. "Kuɗinta ne, tambayarta ce. Kai in ba ka da taka, yi mana shiru."

Mai Kemis ba ɓarawo ba ne, wannan zan iya rantsewa. Mai walda ne ya ce masa in rumfa ta tsaya a shago na uku za ta yi muni, shi kuma ya ce a wuce da ita. Ya saba shi da yayana aljihunsu ɗaya, ya manta mai aljihun ya tafi.

Fuskarsa ta yi nauyi. "Ubanku bai taɓa tambayata ko kwabo ba."

"Shi kuɗinsa ne, ya ga dama ya yafe," na ce. "Ni da kai ba mu da abin yafewa a nan. Ka biya kuɗin rumfar da ke kanka, yarinya ta rubuta jarrabawarta."

Ya tashi ya fita, ko sallama babu. Raina bai yi daɗi ba, don mutumin ya yi wa yaran nan ɗawainiya, amma ban kira shi ba. Washegari da safe ya tura kuɗin makaranta da kansa, ya aiko mini da rasit.

Auta ta rubuta jarrabawarta. Har yau in za ta wuce kemis takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina kwana?" Shi kuma sai ya ci gaba da jera kwalayen magani kamar bai ji ba. Ta tambaye ni ko ta je ta ba shi haƙuri.

"Gaisuwa kar ki fasa," na ce mata. "Haƙuri kuwa, na wane laifi?"