Kujerar Dogo a Layin Gaggawa

Wajen ƙarfe bakwai na safe ne, an kwana ana ruwa, har lokacin gari bai gama washewa ba. Dogo kafinta ya fito daga shago da kujera a kafaɗa, kawunsa na biye da shi yana dogara sanda yana kauce wa taɓo.

Kujerar mai naɗewa ce, bayanta ya ɗan lanƙwasa kamar cokali, a tsakiya kuma Dogo ya fafe rami mai siffar ganye inda ake sa hannu a ɗauka. Shekara uku yana yin ta, duk layin an san ta da kujerar Dogo. Sai ga shi watan jiya kafintan tsallaken titi ya jera irinta sak a bakin shagonsa, har da ganyen. Da Dogo ya je masa da maganar, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Kai ka halicci ganye?"

A rediyo Dogo ya ji ana shirin gyara dokar rajistar fasalin kaya. Wai takardar da ake shekara biyu ana jira, za ta koma mako guda, kuma duk wanda ya kwaikwayi fasalinka sai ku haɗu a kotu. Nan ya ɗaura ɗamara. Ya wanko hotuna ashirin, ga kujerar a shagon mai aski, ga ta a ƙofar makaranta, ga ta a wajen taro an jera arba'in. Ya sa maƙwabta goma sha ɗaya suka sa hannu a takarda. Sannan ya ɗauko Kawu, don shi ya fara zama a kan ta farkon.

"In an tambaye ka, Kawu, gaskiya kawai za ka faɗa."

"Ni za ka koya wa shaida? Tun kana rarrafe nake yin ta."

Ofishin rajistar yana hawa na biyu. Taga biyu ce. Ɗaya an rubuta mata Rajista, ba kowa a gabanta. Ɗayar kuma an rubuta Rajistar Gaggawa da fenti ɗanye, layinta ya sauka har ƙasan bene. Dogo ya nufi wadda ba kowa, Kawu ya ja masa riga.

"Ka ga jama'a sun guje wa wuri, kai can za ka? Akwai dalili."

Suka bi layi. Dogo ya buɗe wa Kawu kujerar, in layi ya motsa ya tashe shi, su matsa taku ɗaya, ya sake buɗewa. Sai bayan azahar suka kai. Wata mata ce a tagar, ta karɓi takardunsu da sauri kamar ana korar ta, ta buga hatimi, ta turo musu.

"Taga ta gaba."

"Hajiya, ba nan ne gaggawar ba?"

"Dokar tana gaban kwamiti, ba a sa hannu ba tukuna. Mu dai an ce mu zama cikin shiri, mun zama."

"To me ake yi a nan?"

"Ba ka ga yadda na sallame ka ba? Na gaba!"

A taga ta gaba wani jami'i ne mai tabarau, mutum mai fara'a. Ya zagayo ya duba kujerar gaba da baya, ya sa hannu a ganyen, ya ce kai, wannan aiki ya yi kyau. Zuciyar Dogo ta yi fari. Ya baje hotuna a bakin tagar ɗaya bayan ɗaya.

"Tun yaushe kake sayar da ita?" in ji jami'in.

Kawu ya gyara murya. "Shekara uku cif, ɗana. Ni na fara zama a kai. Babu gidan da ba ta shiga ba a unguwarmu, har baƙi sun saya sun tafi da ita garinsu."

"Ka tabbata, Baba?"

"Rantsuwa kake so?"

Jami'in ya rubuta komai a nutse, ya ƙirga hotunan, ya haɗa da takardar maƙwabta, ya buga hatimi. Sannan ya cire tabarau.

"To, Malam, ba sabuwa ba ce."

"Ai shi nake faɗa, Yallabai. Ta daɗe a hannuna."

"Shi ne matsalar. Doka tana kare fasalin da duniya ba ta gani ba kafin a kawo mana. Taka kuwa ga shi ka kawo shaidu goma sha biyu cewa kowa ya gani."

Dogo ya juya maganar a kansa. A saninsa, abu yana zama naka ne in kowa ya san naka ne.

"To in ba wanda ya gani, ta yaya za ku san tawa ce?"

"Mu ba ma tambayar ta waye. Wa ya fara kawowa muke tambaya."

"Ke nan na tsallaken titi zai iya zuwa ya yi rajistarta?"

"Ina! Shi ma ba zai samu ba. Hotunan nan naka sun rufe wa kowa ƙofa. Gaskiya ban taɓa ganin fayil mai ƙarfi irin naka ba."

Kawu ya matso kusa da tagar, ya rage murya. "Ɗana, ni idona ba ya gani sosai. Wataƙila wata kujerar ce na zauna a kai."

"Baba, an riga an buga hatimi."

"Sabuwar dokar fa?" in ji Dogo.

"Ita ta yi sassauci. In ka nuna wa jama'a, kana da shekara guda ka kawo."

"Tawa uku."

"To ko ita ba za ta cece ka ba. Amma ka duba ci gaban da aka samu: a mako guda za ka san an ƙi. Yanzu kuwa sai ka cika fom, bayan shekara biyu mu rubuto maka."

"Ai ka riga ka gaya mini."

"Da baki na gaya maka. Wannan ba a lissafa shi."

Dogo ya naɗe kujerarsa ya saɓa. Kawu ya yi gaba yana mita, wai tun farko shi bai so zuwa ba.

A tsakiyar bene layi na nan yadda suka bar shi. Wata mai ɗinkin jaka ta ɗaga sabuwar jakarta sama, tana nuna wa mutane yadda ta kitsa mariƙinta, tana cewa jiya ta gama, ko mijinta bai gani ba. Wani har ya zaro waya zai ɗauka. Dogo ya gitta tsakaninsu da kujerarsa, ya ɗauki tsohuwar jarida daga kan benci ya miƙa mata.

"Yaya, naɗe ta. Kar kowa ya ƙara gani sai na ciki."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta fizge jaridar, ta naɗe jakar ta cusa a hammata. Ta juya wa ta kusa da ita ta ce, "Kin ga irinsu ko? Su ne masu satar fasaha."

Dogo ya gyara kujerar a kafaɗa, ya sauka ya tarar da Kawu a bakin titi.