Shaida a Kan Yatsun Dogo

Tun da Mai-agogo ya miƙa masa takardar da safe, Liman bai sake samun natsuwa ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, amma sai ya riƙa jin ta kamar garwashi a ƙirjinsa. Shi ba limamin wani masallaci ba ne. Abokan aikinsa na masana'antar kwali ne suka laƙaba masa sunan, domin shi ke jan su salla a bayan sito. Mai-agogo kuwa shi ne shugaban sashensu, mutumin da ba ya ƙarasa gaisuwa sai ya dubi wuyan hannunsa.

Layi uku ne kacal a takardar: cewa mai sa hannu ya shaida abokin aikinsu Dogo ya buga katin tashi da ƙarfe biyar daidai, kuma rauni ya same shi da biyar da minti goma sha biyu, wato bayan lokacin aiki. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma abin da ya hana Liman sakat ke nan.

Akwai wata doka a sashen wadda ba a taɓa rubuta ta ba. Da ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya je ya buga kati, sannan ya dawo ya goge injinsa, don kada lokacin gugar ya shiga cikin awannin aiki. Ranar Litinin Dogo yana cikin goge injin yanka, wuƙar ta sauko masa, yatsu biyu suka tafi. Liman ne ya naɗe masa hannun da rigarsa. Idan rauni na cikin aiki ne, jinya tana wuyan kamfani. Idan na bayan tashi ne, to Dogo da Ubangijinsa.

"Liman, yau kwali nawa ka yi niyyar ɓatawa?" in ji Inna, dattijuwar da ke ɗaure kaya kusa da shi. "Na huɗu ke nan ka ninke a karkace."

"Ke ma an kawo miki takardar, Inna?"

"An kawo. Na ce na manta tabarau a gida. Kwana uku ke nan ina mantawa, tsufa ba daɗi." Ta ja igiya da ƙarfi. "Kai ne ba ka da mafita, kowa ya san ko sawun tururuwa aka rubuta sai ka karanta."

Bai iya yin dariya ba. Kafin azahar Mai-agogo ya zo ya tsaya a kansa, ya sassauta murya.

"Baba Liman, ni zan sa malami kamarka ƙarya? Allah Ya tsare ni. Dubi kati, dubi takarda, abu ɗaya suke faɗa. Ƙarfe uku matar ofis za ta zo karɓa." Ya yi taku biyu, ya waiwayo. "Jadawalin mako mai zuwa ma ban gama cika shi ba tukuna."

Liman ya fahimci zancen sarai. Mai aikin awa ba a korarsa; sunansa kawai ake daina gani a bango. Shekarunsa hamsin da takwas, 'yan matansa biyu suna makaranta, kuma ba ya jin akwai wata masana'anta da ke neman mai furfura. Zuciyarsa ta ce masa, ai lokaci kawai aka tambaye ka, kuma lokacin daidai ne. Sai wata zuciyar ta tuna masa abin da ya sha karantar da yara: mai ɓoye rabin shaida don a zalunci wani bai kuɓuta ba, ko da rabin da ya faɗa gaskiya ne.

A sallar azahar ya miƙe zai kawo raka'a ta biyar, sai da na bayansa suka yi ta "Subhanallah" kafin ya zauna. Bai taɓa yin irin wannan rafkanuwa a gabansu ba. Bayan sallama ya daɗe hannuwansa a sama, amma ya rasa abin da zai roƙa, sai "Ya Allah, Ka gani" kawai yake maimaitawa.

Ƙarfe uku aka kira shi. Matar ofis tana zaune da fayil a gabanta, Mai-agogo yana tsaye jikin taga.

"Baba, ka karanta? Haka abin ya faru?"

"Haka ya faru, 'yata, sai dai da saura. A ba ni biro."

Ya karɓa ya rubuta a ƙarƙashin layi na uku: "Yana goge inji ne bisa umarni, kamar yadda dukanmu muke yi kullum bayan buga kati." Sannan ya sa hannu.

Matar ta karanta sau biyu. Ta ɗago ta dubi Mai-agogo. "Kullum?"

"Tsoho ne, ba ya gane..."

"Kullum," in ji Liman. "Shekara shida ke nan da na sani."

Ta saka takardar cikin fayil, ta rufe, ba ta ce za a yi ko ba za a yi ba. Liman bai kai ga komawa bakin aikinsa ba Mai-agogo ya tarar da shi a ƙofa, ya ce aiki ya yi ƙaranci, ya je gida ya huta, za a neme shi.

Matar Liman tana kwashe shanya ta gan shi ya shigo tun kafin lokacin tashi. Ta tsaya da zane a hannu.

"Malam, lafiya? Ko inji ne ya lalace?"

"Lafiya lau. Zuba mini ruwa in yi alwala, zan leƙa Dogo a asibiti."

"Gobe fa? Da aiki?"

Ya zauna a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalminsa, ya kwance, ya sake ɗaurewa.

"Sun ce za su kira," ya ce.