Baƙin Zare a Zanen Gado

Ɗakin wanki na babban asibitin yana can baya, bayan ɗakin girki, inda in ba dole ba babu mai zuwa. Injin wanki biyu ne a ciki. Ɗaya ya mutu tun shekarar da komai ya fara tsada, aka mai da shi wurin kife bokitai. Akwai dogon tebur na guga, akwai taga ɗaya mai kallon igiyoyin shanya, a gindin tagar kuma wata 'yar kujera da ta lotsa a tsakiya saboda zama. Wannan kujerar ta Mai Allura ce.

Kada ku ji sunan ku ɗauka nas ce. A asibitin masu allura suna da yawa, amma ita tata allurar ta ɗinki ce. Doguwa, abokiyar aikinta mai bakin tsiya, takan ce duk faɗin asibitin nan Mai Allura ce kaɗai ke soka allura ba a yi kuka ba. Su huɗu ne a ɗakin, duk mata, ita ce babbarsu. Shekara ashirin da takwas tana wurin, saura biyu ta yi ritaya ta samu fanshonta.

Ba a ɗauke ta don ɗinki ba. Ita ce dai Allah ya yi ta ba ta iya ganin yaga ta wuce. Da can in zanen gado ya yage sai a jefar da shi a buɗe sabo, amma shekara shida ke nan rabon da sabon zane ya shigo asibitin. To duk wanda ya fito daga inji da rauni sai ta ajiye shi gefe. In an gama shanya ta zauna gindin taga, ta zaro farin zare daga gefen wani zanen da ya riga ya mutu, ta bi saƙar a hankali, sama da ƙasa, har yagar ta haɗe. In ta gama aka bi da dutsen guga, ko ita sai ta lalubo da yatsa kafin ta gane wurin. Abin alfaharinta ke nan a duniya. Takan ce ɗinkin da ido ya gani ba ɗinki ba ne, tonon asiri ne.

Matsin kuwa bai zo rana ɗaya ba. Da farko sabulu aka rage. Sai ƙwan fitilar baranda ya mutu ba a sauya ba. Sai aka fara rubuta wa marasa lafiya magani su je waje su nemo. Wanda ya yi ritaya ba a ɗauki wani a gurbinsa. Mutane suka yi ta haƙuri, ana cewa gobe da sauƙi. Ran nan da safe sai ga takarda a allon sanarwa, mai sunaye goma sha tara.

Mai Allura ba ta karatun boko, Doguwa ce ta karanta mata. A saman takardar an rubuta rarar ma'aikata, a ƙasa kuma an ce aikinsu zai tsaya a ƙarshen wata. Daga ɗakin wanki suna ɗaya ne, nata. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sa aka sake karanta mata kalmar, ta juya ta a baki. Rara. Ita abin da ta sani da rara shi ne ɗan guntun yadin da tela ke miƙo maka bayan ya gama riga, ka rasa abin da za ka yi da shi.

Sakataren ƙungiyar ma'aikatan asibitin ɗan ƙanenta ne, yana aiki a ɗakin kati. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ta yi doguwar jinya. Ya sauko da hantsi, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce ta kawo takardar ɗaukarta aiki. Ta ciro ta daga ƙasan jaka, a naɗe cikin leda. Abin da ke ciki kaɗan ne: mataimakiyar wanki, kai kaya igiya, kwasowa, ninkewa. Ya ce to ga inda Manajan asibiti ya tsaya: inji ɗaya ya rage, mutum uku sun ishe shi, ita kuma a takarda ninki kawai take yi.

Ya gaya musu ƙungiya ta zauna. Yajin aiki ba zai yiwu ba. Wancan da aka yi shekara biyu baya, an kwashe marasa lafiya a motocin haya an mai da su gida, wasu ba su dawo ba, har yau mutanen gari ba su huce ba. Saboda haka an yanke cewa daga gobe kowa ya yi abin da ke rubuce a takardarsa kawai, kada ya ƙara ko tsinke. Mai gadi ya daina tura keken marasa lafiya, direba ya daina gyaran famfo. A bari masu ofis su ga da me asibitin ke tsaye kafin kwamiti ya zo daga ma'aikatar lafiya ya sa hannu a kan sunayen.

"Ke kuma Gwaggo, ki ajiye allurar nan," in ji shi.

"In ajiye, su kwanta a kan me?"

"Wannan tambayar ce muke so ta kai sama. Shekara shida kina amsa ta a nan ƙasa, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin ta."

Ta ce shi yaro ne, bai san rufin asiri ba. Ya ce ya sani, ai rufin asirin ne ya rufe har da ita. Maganar ta yi mata zafi, don ta san akwai gaskiya a ciki. Doguwa ta sa baki ta ce a bar goyo ya yi wa mai goyo wa'azi, zamani ne. Aka yi dariya kaɗan, ya tafi.

Kwana uku Mai Allura ta riƙe hannunta. Ta sa allurar a gwangwani ta rufe, ta tura ƙarƙashin tebur. Ta kai kaya igiya, ta kwaso, ta ninke. Zannuwan da suka yage aka riƙa tara su a lungu, kuma sai a lokacin sauran matan suka ga yawansu, don tsohon yadi in ya shiga inji kamar takarda yake. Ran farko bakwai, ran na biyu goma sha ɗaya. Ta zauna a kujerarta ba abin yi, yatsunta na murza gefen mayafi. Doguwa ta ce ta yi kama da mai azumin magana.

A rana ta uku da azahar ta ɗauki ɗan abin da aka ninke ta kai ɗakin mata. Ana zafi ranar. A gado na ƙarshe, kusa da ƙofar banɗaki, wata tsohuwa na kwance a kan ledar katifa ba zane, gumi ya manne mata baya, in ta motsa sai ledar ta yi ƙara. 'Yarta ta cire mayafinta tana ƙoƙarin tura shi ƙarƙashin uwar ba tare da ta ɗaga ta ba. Mai Allura ta dubi babbar nas. Babbar nas ta buɗe mata kabad ta nuna mata, wayam. Ita ma babbar nas 'yar ƙungiya ce, ta san abin da ake ciki.

Ta sauko a hankali tana dafa bango. Ta jawo gwangwanin. Ta ɗauki zane ɗaya daga lungu ta shimfiɗa a cinya, ta kai hannu za ta zaro farin zare kamar kullum, sai ta tsaya. In ta ɗinke, gobe gadaje sun rufu, Manaja ya zagaya ya ga komai fes, ya ce ai ga shi ba abin da ya ragu. In ba ta ɗinke ba, tsohuwar nan ta kwana a leda, ita da ba ta san ma akwai wata takarda a allo ba. Ta daɗe a haka, zanen a cinya.

A cikin gwangwanin akwai wani ƙullin baƙin zare mai kauri, wanda take ɗinke buhunan kai wanki da shi. Shi ta zura a allurar. Ta yi ɗinki mai ƙarfi, wanda zai jure inji, amma manya-manya, a sarari, irin wanda da a ce wata ce ta yi shi da ta sa ta warware. Doguwa ta leƙo ta riƙe baki, ta ce yau kuma tururuwa ce ta bi ta kan zanen? Kafin a tashi ta gama tara, ta kai sama da kanta, ta taya 'yar tsohuwar shimfiɗawa.

Washegari Sakatare ya sauko ransa a ɓace. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce labari ya kai masa ta koma ɗinki, mutum goma sha takwas na kallonta, tsintsiya in aka zare mata tsinke ɗaya sauran ma zubewa suke. Ta bar shi ya gama, sannan ta miƙa masa zanen da ke hannunta.

"Duba dai, ɗan nan. Makaho ma zai ga wannan."

Ya duba. Ya juya shi, ya sake dubawa.

"Ka ce a bari su gani. To ga shi za su gani. Amma ban iya nuna musu da bayan tsohuwar mutane ba."

Da zai fita ya ce zai gaya wa 'yan ƙungiya, amma ba lalle su ji daɗi ba. Wasu kuwa ba su ji ba. Direba ya daina amsa gaisuwarta har kwana biyar.

Cikin mako biyu babu ɗakin da baƙin zare bai shiga ba. Kowane gado da tabonsa, wani biyu, wani biyar. Masu jinya suka mai da abin wasa, suna cewa a asibitin nan har gado ana yi wa tiyata. Ana saura kwana biyu kwamiti ya zo, Manaja ya zagaya, abin da ya gani ya sa ya tambayi hanyar ɗakin wanki, don bai taɓa zuwa ba. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma daga sama aka ce masa ya rage, ya ɗauki takardu ya rage inda takarda ta nuna. Ya shigo yana share gumi, ya tambaya wa ke ɓata kayan asibiti, ya ce kafin jibi a cire masa wannan baƙin abin.

Mai Allura ta miƙe ta ce ranka ya daɗe, ita ce. Ta ɗauko zane ɗaya mai baƙin ɗinki biyu, ta ba Doguwa gefe ɗaya, suka ɗaga shi a jikin taga rana na dukansa ta baya. A cikin haske sai ga su sun fito, ƙananan wurare masu duhu-duhu inda saƙa ta fi kauri, ko'ina a jikin zanen kamar zanen taswira. Ta riƙa nuna masa da yatsa. Wannan na bara ne, wannan bakin gado ne ya ci shi, wannan tun shekarar da inji ya mutu.

"Baƙin na mako biyu ne, ranka ya daɗe. Farin na shekara shida. In na cire baƙin zan iya, amma in an ce a cire duka, abin da zai rage ba zai rufe matashin kai ba."

Ya matso ya taɓa da yatsa. Ya ce a ɗaga wani. Aka ɗaga, haka. Aka ɗaga na uku. Ya tambaya cikin zannuwan asibitin nawa ne ba ta taɓa ba. Ta ce in akwai, ba ta haɗu da shi ba. Ya tsaya yana kallon kujerar da ta lotsa, sannan ya ce a bar ɗinkin yadda yake, kada a cire ko ɗaya. Ya karɓi zanen farko ya ninke da kansa, ninkin da Doguwa ta ce ko ɗan koyo ba zai yi ba, ya sa a hammata ya fita.

An ce a gaban kwamiti ma sai da ya ɗaga shi a taga. Da sabuwar takarda ta fito, sunaye goma sha ɗaya ne a kai. An cire nata, an cire na mai gadi da na direba da wasu biyar da ƙungiya ta iya nuna aikinsu. Sauran sha ɗayan suka tafi a ƙarshen wata, cikinsu har da wata mai shara da suke hawa mota ɗaya da Mai Allura kullum. Mai Allura ta raka ta har bakin ƙofa. Ita shara ba ta da baƙin zaren da za a ɗaga a taga.

Sabbin zannuwa ba su zo ba. An ce sai shekara mai zuwa, in abubuwa sun yi sauƙi. An dai sake buga mata takardar aiki, aka ƙara kalma biyu, gyaran zannuwa. Sakatare ya kawo mata da kansa, ya karanta mata sau biyu, ta naɗe ta cikin ledar tare da tsohuwar.

Ya ga gwangwanin a buɗe, ya ce tunda ƙura ta lafa ai sai ta koma farin zarenta, ya san baƙin nan yana ci mata rai. Ta ce yana ci kuwa, duk ɗinkin da ta yi sai ta ji kamar ta fita ba ɗankwali. Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar wajen haske, ta zura.

Baƙin ne.

"Sai ran da sabo ya zo," ta ce. "Matsa min daga hasken."