Raƙumin Dawa Ranar Litinin

Direba ya sake girgiza ƙofar ƙarfen, sai ka ce kwaɗon zai ji kunyarsa ya buɗe. Kwaɗon bai ji ba. A jikin ƙofar gidan namun dajin an rataye wani allo da rana ta cinye rabin fentinsa, amma abin da ya rage ya isa a karanta: ba a buɗewa ranar Litinin.

Shekara goma sha ɗaya yana tsayar da doguwar motar masu yawon buɗe ido a gaban wannan ƙofar, safe da yamma, bai taɓa ɗaga kai ya karanta allon ba. Me zai kai shi? Shi dai nasa ya tabbatar kowa ya sauka, ya ce musu minti arba'in, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula.

"Baban Auta," in ji matarsa daga bayansa, tana sauya wa jakar hannu kafaɗa. "Nan ma gyaran suke yi?"

Ya san ba tambaya ba ce. Tun safe suke bin hanyar da yake bi da motarsa, wuri bayan wuri, domin ba ta taɓa faɗo masa a rai cewa ana iya zaga birnin ta wata hanyar ba. A gidan tarihi suka tarar da ƙofa a rufe, ya ce gyara ake yi. A filin wasan yara suka tarar an lulluɓe dawakan lilo da tamfol, ya ce ai gyaran ne ya zo lokaci ɗaya. Bas uku suka hau a tsaye, shi da ya saba zama a kujerar gaba.

"Ashe shi ya sa suke ba ka hutun Litinin," ta ce a hankali. "Ka ce mana da ɗan gari akan ci gari. To, ga mu ga ɗan gari."

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Duk shekarun nan yana zaton manaja ne ya zaɓa masa ranar don mutunci. In Litinin ta zo, wanki yake yi ya shanya a igiyar bayan ɗaki, ya kwanta har la'asar. Bai taɓa tambayar kowa dalilin da ya sa motocin kamfanin gaba ɗaya suke kwana a gareji a ranar ba.

Ya saci kallon Auta. Tana tsaye riƙe da gefen mayafin uwarta, sabon takalmin da ya saya mata ya ci mata dunduniya, tana tafiya a kan yatsu. Shekararta takwas, kuma in aka haɗa kwanakin da ta yi da shi a duniya, da ƙyar su cika wata shida. Kwana uku ke nan da zuwansu hutu daga gida, biyu daga ciki yana bakin aiki, gobe da sassafe kuma jirgin ƙasa zai mayar da su. Har yanzu ba ta kira shi Baba ba. In tana son ruwa, sai ta ce wa uwarta, "Ki ce masa." Abin yana ci masa rai fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

A waya kam ba haka take ba. A waya akwai raƙumin dawa. Kullum suka yi magana sai ta tambaye shi ko ya gan shi yau, shi kuwa ya ƙara gishiri: ai yau har gaishe shi ya yi, ai ya tambayi labarin Auta. Da wannan raƙumin ya riƙe 'yarsa shekara biyu, kuma saboda shi ta yarda ta yi tafiyar kwana guda a jirgi.

Maigadi ya leƙo daga ɗan ɗakinsa, rediyo a hannu.

"A'a! Direba? Yau kai ne da ƙafa? Ina motar?"

"Iyali na kawo. Don Allah ka taimaka, minti biyar kawai. Raƙumin dawa kaɗai yarinyar za ta gani mu fito."

"Wallahi makullin ba ya hannuna. Yau ranar wankin keji ce, likitan dabbobin ma yana ciki. Ga kuma waccan." Ya nuna kyamarar da ke saman ƙofa da haɓa. "In na buɗe, gobe ni da kai za mu zauna a gida."

"Gobe za su tafi."

"Kash!" Maigadi ya girgiza kai, sannan ya yi dariya irin ta wanda bai san yana ɓarna ba. "Kai ma dai, Direba! Shekara nawa ina ce maka ka shigo ka ba idonka abinci, kyauta, kullum sai ka ce barci ya fi maka. Mutum ya yi fiye da shekara goma a bakin ƙofa bai taɓa taka ciki ba!"

Matarsa ta sunkuyar da kai tana gyara zip ɗin jakar da ba abin da ya same shi. Auta ta saki mayafin, ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun zuwansu.

"Ashe ba ka taɓa ganinsa ba?"

Da ƙasa za ta tsage, da ya shige ya ja ta ya rufe. Ya buɗe baki zai ƙara wani gishirin, ya ji ya gaji. Ƙafafunsa sun gaji, bayansa ya gaji, ƙaryar ma ta gaji.

"Bai taɓa gaishe ni ba," ya ce. "Ban kuma taɓa shiga ba. Amma ina ganinsa. Kansa kawai."

"A ina?"

Ya duba agogo, saura minti ashirin ƙarfe huɗu. Abu ɗaya da ya sani game da gidan nan wanda ko maigadi bai sani ba shi ne hanyar baya, inda yake juya mota. Akwai wata kwana da katangar ta ɗan rusuna, kuma da ƙarfe huɗu ake rataye wa raƙumin ganye a kan dogon ƙarfe daf da ita. Daga kujerar direba, kullum yana hango kan na daƙiƙa biyar kafin na baya su fara yi masa hon.

"Dabba ba ta san Litinin ba," ya ce. "Dole ta ci abinci. Ku zo."

Hanyar da mota take cinyewa a minti biyu ta ɗauke su kusan rubu'in awa. Suka wuce masu faci, suka wuce tulin shara, matarsa tana cewa wannan kam shi ne yawon buɗe ido. Auta ta cire takalmin ta riƙe a hannu. Da suka isa kwanar, ya ɗaga kai. Daga ƙasa katangar ba ta rusuna ko kaɗan ba, ta fi shi tsawo da kamu biyu. Ashe motar ce take ba shi tsawon.

Ya tsaya yana kallon bulo. Can ya durƙusa a bakin kwata, ya juya wa Auta baya.

"Hau."

Ta dubi uwarta. Uwar ta karɓi takalman. Auta ta ɗora ƙafa ɗaya a kafaɗarsa, ta ɗora ɗayar, ba ta riƙe shi ba. Da ya miƙe, wani abu ya soke shi a ƙugu, ciwon nan na shekarun zama a kujera, har ya ga duhu-duhu. Ya cije leɓe ya taka wani dutse da ke jikin katangar.

"Kin gani?"

"Babu komai. Itace kawai."

Suka jira. Motoci suna wucewa suna watsa musu ƙura, wani mai babur ya tambaya ko lafiya. Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce da minti biyar. Ya soma tunanin ko ranar Litinin sai an gama wankin ake ba su abincin.

Sai ya ji hannuwa biyu sun damƙi kansa, hularsa ta faɗa cikin kwata.

"Ga shi! Ga shi nan! Harshensa baƙi ne!" Ta ja numfashi, ta rage murya. "Su biyu ne. Akwai ƙarami a tsakanin ƙafafunsa."

"Ƙarami?" in ji Direba. Shekara goma sha ɗaya, bai san da wani ƙarami ba. A gabansa babu komai sai bulo da wata tsohuwar takardar talla.

"Sauke ta haka nan," matarsa ta ce, ta ga yadda gumi yake zubo masa. "Bayanka fa."

"Baba, kar ka motsa," in ji Auta, ta ƙara matse kunnuwansa.

Ya dafa katangar da hannu biyu, ya gyara tsayuwa a kan dutsen.

"Ba zan motsa ba," ya ce. "Faɗa mini, yaya ƙafafun nasa suke?"